Tukuicin Goggo

A shekarun da man fetur ya haukata Libreville, har ƙwai a jirgin sama yake zuwa daga Faransa. Garin ya cika da Turawan kamfanonin mai, benaye suna ta tsirowa a bakin teku, kuma duk wanda ya kasa kaya a rana ba ya komawa gida da su. Ubale, mutumin Gezawa, yana da butik a kasuwar Mont-Bouët inda yake sayar da atamfa da agoguna da rediyo. Ciniki ba a magana. In ka gan shi ranar Juma'a cikin shadda yana rabon goro a ƙofar masallaci sai ka rantse duniya ta gama yi masa komai. To, sai ka bi shi gida.

'Yarsa ɗaya ce tal, Jamilatu, ta doshi shekara tara. Ranar da aka haife ta naƙuda ta yi tsawo, ta faɗo ba ta yi kuka ba, kuma tun daga ranar jikinta bai taɓa yi mata biyayya ba. Hannuwa a dunƙule, ƙafafu a harɗe, magana babu. Abin da ya fi ci wa Ubale rai shi ne wuyan. Wuyan Jamilatu ba ya ɗaukar kanta. Ko an jingina ta da matashi sai haɓarta ta sauka kan ƙirji, ta zauna tana kallon cinyoyinta wuni guda. Idan Ubale yana son ganin idon 'yarsa, sai ya kwanta rigingine a tabarma, ya tura kansa ƙarƙashin fuskarta. Haka yake yi kullum in ya dawo daga kasuwa, tun kafin ya cire babbar riga, mutum da gemunsa.

Magani kuwa babu irin wanda ba a yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi, an kai ta lopital, wato asibiti, Turawa sun ƙwanƙwasa mata gwiwa sun girgiza kai. Har wajen masu maganin cikin daji Ubale ya taɓa zuwa a ɓoye, abin da har yau ba ya son a tuna masa. Daga ƙarshe ya ce ya bar wa Allah, amma matarsa Rahmatu ta san bakinsa ne kawai ya bari.

Wata rana Rahmatu ta kawo masa abinci kasuwa da yarinyar a goye, ƙafafunta suna reto har bayan gwiwar uwar. Akwai wata Baturiya a butik ɗin tana zaɓen atamfa, Madam Odile, matar wani injiniyan mai. Ta ajiye atamfar ta tsaya tana kallon yarinyar, ba irin kallon da mutane suka saba yi mata ba. Ta nemi izini ta kama ƙafar ta lanƙwasa a hankali, ta taɓa bayan wuyan. Sannan ta yi bayani, Ubale yana tsintar abin da Faransancinsa na kasuwa zai iya tsinta. A ƙasarsu aikinta ke nan, motsa jikin yara irin wannan. A nan kuma tana da wata tsohuwar goɗiya a bargar da Turawa suke ajiye dawakinsu, gaba da unguwar PK8, kuma duk Laraba da yamma tana ɗora irin waɗannan yara a bayanta, kyauta. Tafiyar dabbar, in ji ta, tana koya wa jikin yaro abin da ya kasa koya da kansa.

Da ta tafi Ubale ya yi dariya. Shi za a gaya wa doki? Kawunsa dillalin dawaki ne a kasuwar Wudil, a hannunsa ya tashi, ya yi wankan doki ya yi yankan ciyawa har hannunsa ya yi kanta.

"Goɗiya fa ta ce. Wa yake hawan goɗiya? Kuma yarinyar da ko zama ba ta yi."

Rahmatu tana kwance goyon, ba ta dube shi ba ta ce, "Malam, me ya rage da ba mu gwada ba? Ni dai bayana ya fara gajiya, kuma kullum ƙara nauyi take yi."

Ranar Laraba suka ɗauki taksi.

Da Ubale ya ga goɗiyar sai da ya kusa cewa direba ya juya. Gajeriya ce, mai faɗin baya, gashin fuskarta ya yi furfura, leɓen ƙasa a sake, tana tsaye tana gyangyaɗi. A Wudil ko kyauta aka ba kawunsa ita ba zai karɓa ba. Madam tana kiranta da wani suna na Faransanci, amma mai jan ta, Hammadi, wani Bafulatanin Marwa da aka ɗauka gadi aka haɗa masa da sharar barga, Goggo yake ce mata, kuma sunan ne ya bi ta. Akwai waɗansu yara 'yan ƙasa da iyayensu suna jiran layi a inuwar mangwaro.

Ba sirdi, ba likkafa. Bargo kawai aka shimfiɗa, wai don ɗumin dabbar ya shiga ƙafafun yarinya. Madam ta hau ta zauna a bayan Jamilatu ta tallafe mata haɓa da tafin hannu, Hammadi ya ƙyasta harshe a ganɗa, Goggo ta ɗaga ƙafa ta soma zagaya filin. Tafiya take yi kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a ka. In yarinyar ta karkata sai ta tsaya cak da kanta, ba wanda ya ce mata, sai an gyara ta sannan ta ci gaba.

Ranar farko ba a ga komai ba. Laraba ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Abin da Rahmatu ta fara lura da shi shi ne wanka, don ƙafafun da sai ta sa ƙarfi take raba su yanzu suna buɗewa ba gardama. Sai kuma yarinyar ta koyi ƙyasta harshen nan na Hammadi. Da taksi ta wuce kwanar PK8 sai ta fara, ƙyas, ƙyas, har direbobi suna waiwayowa. Wannan ne sauti na farko da ta taɓa yi da niyya.

Ana nan, wata Laraba bayan an ɗauke ruwa, Ubale yana jingine da shingen filin yana tunanin wasu kaya da suka maƙale masa a kwastan, sai ya ji Rahmatu ta damƙe masa hannun riga a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya ɗaga ido. Madam ta janye tafinta daga haɓar yarinyar, hannun yana nan a iska. Kan Jamilatu yana rawa, yana rawa, amma yana sama. Goggo ta zagayo da ita ta gabansa, yarinyar ta dube shi daga can bisa, ido cikin ido, shi yana tsaye da ƙafafunsa. Bai fi a ja numfashi kaɗan ba kan ya sake faɗuwa. Ubale ya juya wa filin baya ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido, amma ƙarya yake yi, kuka yake yi sosai, kuma kowa ya gani.

Madam Odile ba mai yaudara ba ce. Ta sa Hammadi ya fassara musu dalla-dalla: wannan ba warkewa ba ce, Jamilatu ba za ta yi tafiya ba. Amma in aka ɗore ba fashi, mai yiwuwa wata rana ta zauna da kanta, ta riƙe kai ta ci abinci. In aka tsaya kuwa, jikin zai koma inda ya fito. Ubale ya ce ko kasuwa za ta ƙone ranar Laraba, shi yana PK8.

Daga nan ne wata damuwar ta taso masa, irin wadda sai ɗan gidansu zai gane. Yaba kyauta tukuici. Yadda aka rene shi, ko ƙwaryar fura aka aiko maka ba ka mayar da ƙwaryar haka nan, balle wanda ya ɗaga maka kan 'yarka. Ya zaɓi turmin atamfa mafi tsada a butik ya kai wa Madam, ta yi murmushi ta mayar masa. Ya ce to, ta farko ce, kowane mai kunya yana ƙin ta farko. Ya kai agogo don maigidanta, ta mayar. Ya sa aka kai mata rago, a garin da rago ya fi ƙarfin mai albashi, sai ga ragon an dawo da shi a bayan mota yana kuka. Abin ya tsaya masa a wuya. Yana cin abinci yana jin kamar ya ci amanar wani.

"Ka yi mata addu'a mana, Malam," in ji Rahmatu. "Tunda ba ta so."

"Addu'a daban, hannu daban. So kike a ce Ubale an yi masa alheri ya share baki?"

Sai idonsa ya koma kan Goggo. In an duba da kyau ma, wa ya yi aikin? Ya leƙa ɗakinta ya ga abin da ake zuba mata, 'yar busasshiyar ciyawa da ba za ta ƙosar da akuya ba, alhali manyan dawakin da 'ya'yan Turawa suke tsallake shinge da su ana cika musu bokiti da hatsi. Ransa ya ɓaci. Ya tambayi Madam ko ya kawo wa Goggo hatsi, ta ce masa a'a, kada a ba ta komai, ta taɓa ciwon ƙafa, jikinta ba ya son hatsi. Hammadi ya fassara, babu abin da ya rage. Ubale ya ji sarai. Amma ya auna maganar da ma'aunin da ya auna ta atamfa da ta rago, ya ce wannan ma kawaici ne, ba ta son ɗora masa nauyi. Kuma ina ruwan ƙafa da abin da ya shiga ciki? Shi da ya ga dawakin kawunsa suna cin gero da kanwa safe da yamma har gashinsu yana ƙyalli. Ya ce wa Hammadi ai Bature ko kai ya gayyata cin abinci ganye zai ba ka, balle dabba.

Hammadi ya gyaɗa kai. "Wallahi Alhaji ni ma tana ba ni tausayi. A Marwa dokin da ya yi aiki gero yake ci."

Gero a Libreville ba abin wasa ba ne, sai an yi saƙonsa daga gida, ya biyo jirgin ruwa. Akwai buhu guda da Ubale ya yi saƙo saboda kunun azumi. Ranar da buhun ya iso ya je tashar jirgin ruwa ta Port Môle da kansa, ya tsaya cikin ihun 'yan dako da warin kifi har aka sauke shi, ya soka hannu ya ji ƙwayar, geron Gezawa ne mai kyau. Ya gaya wa Rahmatu abin da ya yanke, ta ce azumin bana a sha kunun shinkafa, ba komai. Ita ta zauna ta tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya kamar za ta yi wa surukai tuwo, ta wanke, ta jiƙa, ta jefa jar kanwa a ciki. Jamilatu tana jingine a gefenta tana kallon cinyoyinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗora daron jiƙaƙƙen geron da sauran buhun a taksi. Madam ta tafi garin Port-Gentil wajen mijinta, sai Talata za ta dawo, kuma Ubale ya ji daɗin haka, don alherin da aka yi a ɓoye ya fi lada. Goggo ta sunkuya cikin daron ba ta ɗago ba. Allah sarki, dabbar da ta yi shekaru ba ta ga hatsi ba. Yana shafa wuyanta yana cewa, "Ci, baiwar Allah, haƙƙinki ne. Ci ki ƙoshi." Ta lashe daron tas. Ya bar wa Hammadi buhun, ya ce safe da yamma, kada a yi mata ƙwauro. A hanyar komawa har waƙa ya yi a taksi, nauyin da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka.

Ranar Laraba Jamilatu ta fara ƙyasta harshe tun daga kwanar PK8 kamar kullum. Da suka shiga, iyayen sauran yaran suna tsaye cirko-cirko, ba wanda ya zauna a inuwar mangwaro. Goggo tana ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafun gaba can gaba, ta jingina nauyinta duka a na baya, jikinta sharkaf da gumi, tana rawar ɗari a cikin wannan zafin. An tsoma kofatanta a bokitan ruwan ƙanƙara. Madam tana durƙushe a cikin taɓo, gashinta a wargaje, wani likitan dabbobi yana tsaye a kanta yana magana ƙasa-ƙasa. Buhun geron yana jingine da bango, ya yi rabi. Hammadi yana rakuɓe a gefe, da gani an riga an gama da shi.

Ubale ya miƙa wa Rahmatu yarinyar ya matsa. Ya taɓa kofato guda, zafi kamar an sauke tukunya. Bai taɓa ganin irin wannan a Wudil ba, amma ya san dabbar da ba za ta tashi ba in ya gan ta.

Ya ce, "Madam, ba Hammadi ba ne. Ni na kawo."

Ta ɗago ta dube shi, idanunta jawur. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Na gaya maka, Misye Ubale. Na gaya maka da bakina. Don me?"

Ya buɗe baki. Me zai ce? Ya ce ta mayar masa da rago? Ya nuna Jamilatu da hannu, ya nuna goɗiyar, hannun ya sauka. Yarinyar kuwa tana ta ƙyasta harshe a kafaɗar uwarta, tana jiran a shimfiɗa bargo.

An yi kwanaki ana fama. Likitan ya ce hatsin ya tayar da tsohon ciwon, ƙashin cikin kofato ya saki ya nutse, kowane taku azaba ne. Ubale ya je kullum, ya ce a nemo kowane irin magani ko daga Faransa ne, shi zai ɗauka. Aka ce masa ba maganar magani ba ce. Wata safiya ya iso ya tarar an wanke ɗakin da ruwa, ƙofar a buɗe. Wani ma'aikaci ya ce da asuba aka harbe ta, an haƙa rami a bayan barga. Ubale ya tsaya a bakin ramin da aka rufe bai san addu'ar da ake yi wa goɗiya ba. Wata mata daga cikin iyayen yaran, wadda ɗanta ya fara sakin hannu a bayan Goggo, ta wuce shi ta tofar da yawu a ƙasa.

Duk da haka Madam ta sake gwadawa, saboda yaran. Ta zaɓi mafi sanyin hali a cikin manyan dawakin ta ɗora Jamilatu. Dokin ya kaɗa kai ya yi taku biyu masu tsauri, yarinyar ta sandare ta ƙwalla ƙara, aka sauke ta tana amai. Madam ta ce irin Goggo ba saye ake yi ba, shekaru ake yi ana neman mai wannan haƙurin, a kuma yi shekaru ana koya mata. Ta ce za ta tambaya a Faransa. Kafin damina ta fita kamfani ya ɗauke mijinta zuwa wata ƙasa. Masu bargar sun sallami Hammadi, Ubale ya ba shi tsaron butik, suna wuni tare ba mai tayar da maganar. Hammadi ne ma ya zo da saƙon Madam na ƙarshe a cikin leda: bargon Goggo, ba a wanke ba, da gashinta a jiki.

Abin da Madam ta faɗa bai saɓa ba. Ƙafafun suka soma harɗewa, wanka ya koma kokawa. Kan da yake ɗan tsayawa in an jingina ta ya koma kan ƙirji. Rahmatu ba ta taɓa ce wa mijinta kai ka jawo ba, don da hannunta ta tsince tsakuwar, kuma wannan shirun ya fi masa zagi ciwo. Azumi ya zo suka sha kunun shinkafa. Ragowar geron da aka dawo da shi daga barga yana bayan ƙofa har ya yi ƙwari, ba wanda ya iya taɓa shi.

Wata Laraba bayan la'asar Ubale ya bar wa Hammadi butik ya dawo gida. Ya rufe ƙofa, ya cire babbar riga, ya ɗauko bargon ya yafa a bayansa, ya durƙusa da hannuwa da gwiwoyi a kan siminti.

"Ɗora min ita."

Rahmatu ta dube shi. Sannan ta ɗauko yarinyar ta raba ƙafafun da ƙyar ta zaunar da ita, ta tallafe haɓar yadda ta ga Madam tana yi. Jamilatu ta ji warin bargon, jikinta ya ɗan saki, ta ƙyasta harshe. Ubale ya gyara durƙuso. Ya soma rarrafe, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa akwatuna, yana ƙoƙarin tuna yadda Goggo take sauke ƙafa, yana karkaɗa ƙugu a hankali. Gwiwoyinsa suka saluɓe, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

"Saki haɓar mu gani," in ji shi. Ya ƙara zagaye. "Ta ɗaga?"

Rahmatu ta gyara wa yarinyar zama.

"Rahmatu, ta ɗaga?"

"Ƙara zagayawa, Malam."

Ya ƙara. Amma ya riga ya ji goshin yarinyar a tsakanin kafaɗunsa, da ɗumin yawunta yana ratsa rigarsa. Ya tsaya. Suka sauke ta suka jingina ta da matashi, Rahmatu ta ninke bargon ta fita tsakar gida wai za ta duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba.

Ubale ya kwanta rigingine a tabarma kamar yadda ya saba a da, ya tura kansa ƙarƙashin fuskar 'yarsa. Idanunta suna nan, manya, masu kyau, amma ba shi suke kallo ba. Sun karkata wajen ƙofa. A titi wata taksi ta yi oda, Jamilatu ta ƙyasta harshe, ta jira, ta sake ƙyastawa.